Jinin Raƙumin Surukina

Surukina fatoma ne a Jibiya. Ba shi da kanti, ba shi da wata gonar a-zo-a-gani. Abin da yake da shi zaure ne babba, da fili a bayan gida, da kuma suna. Fataken da ke gangarowa daga Maraɗi da ƙauyukan arewa da raƙuma da shanu a wurinsa suke sauka, su ci tuwonsa, su ɗaure dabbobinsu a filinsa. In wata tafiya ta taso wa mutum, sai ya bar masa garke guda ya yi gaba, ba shaida ba rubutu. Duk sana'ar a kan yarda ta tsaya. Ranar da baƙi suka fara shakkar mai masaukinsu, ranar ya tashi daga aiki. Na san haka tun kafin in auri 'yarsa, kuma ban taɓa zaton ta hannuna abin zai zo masa ba.

Lokacin kuɗin mai ne. Gwamnati na ta kwasar samari tana turawa ƙasashen waje karatu, ni ma aka kwashe da ni. Na bar matata a gidan mahaifinta tana koyarwa a firamare, na tafi Ingila, na faɗa wani ɗakin bincike inda ake gano siffar furotin. Furotin su ne ƙananan sinadaran da ke yi wa jiki aiki, waɗanda ko madubin likita ba ya ganinsu. Wanda aka fi damuwa da shi a ɗakinmu shi ne mai sa jini ja, wanda ke ɗaukar iska daga huhu ya kai wa sauran jiki.

Tunda ba a ganinsa, sai a bi ta dabara. A tace shi daga jini, a yi ta lallashinsa makonni har ya daskare ya zama 'yar ƙwaya kamar ta gishiri, wadda muke kira kiristal. Sai a haska mata eksire, irin hasken da ake hoton ƙirji da shi, hasken ya tarwatse ya bar ɗigo-ɗigo a kan fim. Ɗigon da ke kusa da tsakiya ba abin da suke gaya maka sai girman abu da faɗinsa. Na can gefe, wajen bakin fim, su ne ke ɗauke da ƙananan bayanai. Kiristal mai kyau ɗigonsa har baki yake kaiwa. Maras kyau kuwa sai ya cunkushe a tsakiya ya bar sauran fim fayau.

Ɗigon kaɗai ba sa ba da hoto, don akwai rabin bayanin da fim ba ya kamawa. Hanyar da malamina ya ɗora ni a kai ita ce aron siffa. In an riga an san siffar wani furotin ɗan'uwan naka, sai ka ɗauko ta, ka sa kwamfuta ta yi ta juya ta har ta zauna daidai da ɗigonka, ta cike maka abin da ya ɓace. Daga nan sai ka duba inda naka ya saɓa da na aro. A lokacin an riga an san siffar na jinin doki.

Wata rana muna shan shayi, malamina, wani Bature mai ƙarancin magana, ya ce shi raƙumi na ba shi mamaki, dabbar da ke kwanaki ba ruwa cikin zafi amma jininta bai gaza ba. Da za a samu jininsa sabo, in ji shi, da an gwada da na doki an gani. Ba wanda ya tambaye ni. Amma ni Allah ya yi ni da baki mai riga hankali, sai na ji kaina ina cewa ai a garinmu raƙumi ba abin kallo ba ne, surukina ma yana da garke. Kafin shayin ya huce an mai da jinin raƙumi aikin digirina. Sharaɗi ɗaya malamina ya nanata: da an ɗebi jinin a tsoma shi cikin ƙanƙara, kuma a ranar ya isa ɗakin gwaji a Zariya a tace shi, kafin in hau jirgi da shi daga Kano. In ya ɗumama, ya lalace.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. A Ingila nake lokacin da na faɗi haka, na manta wane ne zan roƙa.

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ɗauka kunyar suruki wasa ce. Tun daga nesa nake cire takalmi in na hango shi. Ba na tsayawa a gabansa, durƙusawa nake. Ba na kallon fuskarsa, ba na cin abinci inda yake, ba na ambaton sunansa ko a bayan idonsa, sai dai in ce Baba ko Alhaji. In kuwa ina da wata buƙata, ba ni zan faɗa da bakina ba, sai an samu mai isarwa. Namu mai isarwar shi ne wani tsohon amininsa, dillalin raƙuma, ɗan gajere mai fara'a, wanda ya shekara da shekaru yana tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa. Bai taɓa kai magana yadda aka ba shi ita ba, sai ya fere ta ya shafa mata mai. Da haka yake cin abinci, ba zan ce mugu ba ne.

Da na iso gida na sami Dillali na yi masa bayani dalla-dalla. Jini nake so, 'yan kwalabe kaɗan, ba za a kashe raƙumin ba. Abu mafi muhimmanci, da an ɗiba dole in kama hanya nan take. Ya ce ya ji. Muka shiga zaure, na durƙusa daga bakin ƙofa, shi ya zauna kusa da Alhaji.

"Alhaji, yaron naka shina son ɗan jinin raƙumi, na gwaji, don karatunai," in ji Dillali.

"Mi za a yi da jini?"

"Dubawa za su yi can Turai, su ga hikimar Allah."

Alhaji ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce, "In don ilimi na, a ba shi. Sai dai a tahi garke, hayin iyaka suke, nan ba ciyawa. In ya dawo ya zo muna da abin da ya gani."

Ina durƙushe ina jiran Dillali ya kawo maganar sauri. Bai kawo ba. A wurinsa, a ce wa suruki ana sauri rashin tarbiyya ne, don haka ya yar da ita a hanya. Na ji lokacin da ya yar da ita. Bakina da ya buɗe a Ingila ba a tambaye shi ba, a nan ko motsi bai yi ba.

Ranar tafiya na sayi ƙanƙara wurin wata mata Kirista 'yar kudancin Zariya mai sayar da lemo, ita kaɗai ke da firjin kananzir mai kirki a unguwar. Na cika babban fulas, na ɗauko malamin dabbobi da alluransa. Alhaji ya shiga gaban sabuwar akori-kurarsa tare da direba, ni da Dillali da malamin dabbobi muka hau baya, don ba zan zauna kafaɗa da kafaɗa da surukina ba. 'Yan duwan, wato kwastan na hayin Nijar, sun san motar, hannu kawai suka ɗaga. Da hantsi muka isa garke, a wani ƙauyen 'yan'uwan Alhaji.

Ɗiban jinin bai ɗau lokaci ba. Buzun da ke kiwo ya gurfanar da wani amale, ya ɗaure masa gwiwa, ya riƙe leɓensa. Raƙumin ya yi ta kururuwa kamar ana yanka shi, malamin dabbobi ya sami jijiyar wuya, kwalabe suka cika da jini ja wur. Na tsoma su cikin ƙanƙara na rufe. Raina fes. Na ɗauki fulas na nufi mota, sai na ga direba ya cire riga ya kwanta a ƙarƙashin wata bishiya.

Ashe 'yan'uwan Alhaji sun ji mijin 'yarsu da ke karatu a Turai ya zo, sun kayar da rago.

Aka kai ni wata bukka ni kaɗai, aka shimfiɗa mini tabarma sabuwa. Aka kawo ruwa, aka kawo fura da nono. Tsofaffin mata suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai na durƙusa mun gaisa tun daga gajiya har zuwa sanyin Turai. Rana ta take. Ina jin ƙamshin naman da ake gasawa, ina kallon fulas a gefen tabarma, ina girgiza shi a hankali. Da farko ƙarar ƙanƙara nake ji, daga baya sai na fara jin motsin ruwa. Na aika a kira mini Dillali, na ce masa don Allah ya gaya wa Baba abin nan zai lalace.

"Haba malam," ya ce, "an yi maka yanka ka ce za ka tahi? Ina za su sa huskarsu? Yi haƙuri, yanzun nan za a sauke."

Raina ya ɓaci, amma wa zan yi wa faɗa? Alhaji na can ƙarƙashin rumfa, taku kaɗan tsakaninmu. Abin da ake bukata kawai in miƙe in je in ce, Baba, a ba ni mota. Na miƙe, na kai bakin bukka, na hango farar babbar rigarsa, sai ƙafafuna suka mai da ni kan tabarma. Da aka kawo naman, kwano shaƙe, tsoka biyu na iya ci, don ba a cika ciki a gidan surukai. Wato abincin da na zauna dominsa ma ban ci ba. Sai bayan la'asar aka sallame mu.

A kan iyaka muka tarar da layi. Shekarun nan hanyar ba ta hutawa: manyan motoci ɗauke da siminti da fulawa da gangunan mai suna hawa arewa, shanu suna gangarowa, babura na kutsawa ta ko'ina. A ɓangaren Nijeriya wani sabon ma'aikacin kwastan ne, saurayi mai ladabi, bai san Alhaji ba. Ya ce a buɗe fulas, aikinsa ke nan. Ya tsoma hannu cikin ruwan da ko sanyin kirki babu, ya zaro kwalba ya ɗaga ta sama yana duba ta a hasken rana. Direbobi da 'yan kamasho da masu tallan abinci duk suka juyo.

Ya tambaye ni da Turanci, ni ma na amsa masa da Turanci, na nuna masa izinin da na zo da shi. Ya gamsu, ya mayar da kwalbar, har ya yi mini fatan alheri. Amma mutanen da ke tsaye ba su ji ko kalma ɗaya ba. Abin da suka gani shi ne jini a kwalba, a bayan sabuwar motar Alhaji, an yi magana da yaren da ba su sani ba, an rufe an wuce. Na ji wata mai sayar da shinkafa ta ce, "A'uzubillahi." A zamanin nan kuwa duk wanda ya yi rufin kwano ko ya sayi mota, sai an samu mai cewa ba ta hanyar Allah ya samu ba. Na ji ta sarai, amma hankalina na kan ƙanƙara, ban ba maganar muhimmanci ba.

Sai washegari jinin ya shiga hannun masu tacewa a Zariya, ya riga ya fara sauya launi. Aka tace abin da ya tatu na tafi da shi ina addu'a.

Watanni na yi ina fama. Kiristal ɗin sun fito, amma ƙanana, masu taushi, launinsu kamar na tsohuwar hanta. Na ɗora mafi kyawunsu a gaban eksire, na wanke fim, na ɗaga. Ɗigon sun taru a tsakiya, sauran fim ba komai. Na sake, na kuma sakewa, duk ɗaya. Duk da haka na ce bari in gwada aron siffar. Na huda katunan da ake ba kwamfuta umarni da su a lokacin na kai, na jira layi, aka juya siffar doki har ta zauna. Ta zauna kuwa daram. Na zana sakamakon a kan faifan roba masu haske, ɗaya bisa ɗaya, sai ga siffa ta fito kyakkyawa, da lanƙwasarta da komai. Na kwasa da gudu na kai wa malamina.

Ya duba ya daɗe. Sai ya buɗe durowa ya ɗauko zanen na doki, ya ɗora a kan nawa, ya ɗaga su wajen taga. Ko layi ɗaya bai kauce ba.

Ya ce mini siffar aro tana da ƙarfin murya. Ɗigon bakin fim ne kaɗai ke iya musa mata, su ce a nan raƙumi ba haka yake ba. In babu su, abin da ka zuba shi za a mayar maka. Kamar ka hango dabba daga nesa da magariba ne, in ji shi, ka san mai ƙafa huɗu ce, in aka ce maka doki ne, doki za ka gani. Bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko jinin ya daɗe a waje. Na ce an samu jinkiri a hanya. Ta yaya zan fassara wa Bature cewa rago aka yanka mini?

Da hutu ya zagayo na dawo gida, faifan robar na cikin jakata, da niyyar in nuna wa Alhaji inda aikin ya tsaya. Tun daga ƙofar gida na ga canji. Filin baya da ba ya rabo da kukan dabbobi ya yi tsit, ciyawa ta fito a turaku. Zauren da ake tsallake ƙafafun baƙi kafin a wuce, mutum biyu na gani a ciki.

Matata ba ta iya kwana-kwana ba. Ko ruwa ban gama sha ba ta ce, "Malam, ka ga zauren Baba?"

Na ce na gani, ko fari ne ya hana fatake zuwa?

"Suna zuwa. Wani wuri suke sauka. Cewa ake Baba na ba surukinai jini shina kai wa Turawa, su kuma suna aiko mashi da arziki. Wasu sun ce na raƙumi na, wasu sun ce ba na raƙumi ba ne. Wa zai bar dabba tai gidan da ake ɗibar jini?"

Na ji kamar an zuba mini ruwan zafi. Na tambaye ta me Baba ya ce.

"Abu guda yake hwaɗi ga kowa: ku jira shi dawo, zai zo da abin da ya gani. Shekara guda ke nan shina hwaɗin haka. Ka zo da shi ko?"

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba. Mutumin nan bai san furotin ba, bai san eksire ba, bai taɓa tambayata komai ba. Ya ɗauki sunansa, abin da ya fi komai a wurinsa, ya jingina da maganata.

Na sake komawa wurin Dillali, don ba ni da wata ƙofa. Na ce masa wannan karon don girman Allah ya faɗa yadda na faɗa: aikin bai yi ba, zanen nan siffar doki ce, ta raƙumin ba ta fito ba. Ya girgiza kai yana tausaya mini. Muka shiga zaure, na durƙusa a wurina na kullum. Ya karɓi faifan ya miƙa wa Alhaji hannu biyu.

"Alhaji, an gode Allah. Ga abin da ya gani. Akwai ɗan sauran aiki, amma ga shi."

Alhaji ya ɗaga faifan wajen hasken ƙofa. Ya yi ta cewa masha Allah, masha Allah. Ya naɗe su cikin sabon rawani ya ce wa Dillali gobe kasuwa, in zo kara, inda ake cinikin dabbobi, in same shi. Na fito ina zagin Dillali a zuci, alhali na san da kunnena na ji, kuma da bakina na yi shiru.

Washegari kara ta cika. Alhaji ya zauna a rumfarsa, ya aika aka kira tsofaffin baƙinsa da sauran fatomomi da dillalai. Ni ina tsugune a gefe, takalmina a hannu. Ya warware rawanin, faifan suka fara zagaya hannuwa. Masu juya su sama da ƙasa na yi, masu leƙawa ta ciki suna kallon rana na yi. Na ga fuskoki sun fara sakewa, har wani ya yi dariya ya ce ashe cikin jini hanji ne. Na ce a raina, in Allah ya rufa asiri a haka, shi ke nan, ai ba wanda aka cuta.

Sai wani tsohon Buzu ya matso. Tun matata na goye yake sauka a gidan, kuma yana cikin waɗanda suka daina. Ba da gatse ya zo ba, a fuskarsa ka san so yake a ba shi dalilin komawa. Ya tsuguna a gabana da faifai ɗaya a hannu.

"Malam, tsakaninka da Allah, wanga shi na cikin jinin raƙumin Alhaji?"

Da bai sa Allah a ciki ba, ban san abin da zan ce ba. Na dubi ƙasa na ce, "Siffar ta doki ce. Ta raƙumin ba ta fito ba."

Rumfar ta ɓarke da surutu. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "To ina jinin ya tahi?" Wannan tambayar ta fi duk tsegumin shekarar muni, don yanzu da bakin surukin Alhaji aka ji. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Kai, ɗago."

Ban gane da ni ake ba sai da aka taɓa ni. Alhaji ne, kuma ni yake kallo kai tsaye. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa yi mini magana ba sai ta bakin mai isarwa. Na ɗago. A ranar na fara sanin yana da tabo a gira.

"Mi ya hana?"

"Jinin ya ɗumama, Baba. Ƙanƙarar ta narke."

"Ina?"

"A garke."

Na ga yana lissafin ranar a ransa. "Sa'ad da ake gashin rago?"

Na sunkuyar da kai. Ya juya wurin Dillali ya ce, "Ya hwaɗa maka?"

"Alhaji, ai maganar ba ta hwaɗuwa."

Alhaji ya miƙa hannu. Ya karɓi faifan ɗaya bayan ɗaya ya naɗe. Sai ya miƙe ya ce wa jama'a kasuwa mai zuwa kowa ya zo nan, a wannan wurin. Ya aiko matata ta gaya mini in tanadi ƙanƙara da kwalabe, in kuma sanar da mutanen Zariya.

Ran kasuwar an tsallako da amalen tun da safe, aka gurfanar da shi a tsakiyar kara, inda kowa ke gani. Akori-kurar na tsaye a gefe, injinta na aiki, direba a ciki. Mutane sun yi da'ira, har da waɗanda ba su da abin saye ko sayarwa. Malamin dabbobi ya sa allura, na miƙa hannu da kwalba, sai Alhaji ya karɓe ta daga hannuna. Dattijo ne da ya je Makka, sanye da farar riga, ga azahar na matsowa, kuma ya fi kowa sanin ba a salla da jini a tufa. Ya tsuguna a wuyan raƙumin ya tara kwalbar da kansa. Raƙumin ya fizge, jini ya fantsama masa a hannun riga har gwiwar hannu, bai saki ba. Ya cika ta, ya karɓi ta biyu.

Da aka gama ya miƙe ya ɗaga kwalba ɗaya sama ya ce, "Ga shi. Jinin raƙumina na, ni na tara da hannuna, da rana tsaka. Zariya za shi, daga nan Turai, don karatu. Mai tambaya shi matso."

Ba wanda ya matso. Wasu ma ja da baya suka yi. Ya tsoma kwalaben cikin ƙanƙara da kansa, ya rufe fulas ya miƙo mini. Na karɓa, na sunkuya zan cire takalmi in durƙusa in yi godiya.

"Bar takalmin nan. Tashi ka tahi."

"Baba..."

"Na ce ka tahi. Ƙanƙara ba ta san suruki ba."

Na wuce ta gabansa a tsaye, da takalmi a ƙafata, ban yi wa kowa sallama ba. Mota ta ja. Da na waiwaya na hango shi tsaye shi kaɗai a tsakiyar filin, yana riƙe da hannun rigarsa nesa da jiki, yana duban inda zai samu ruwa. Na rungume fulas ɗin na yi ta kuka har muka wuce Katsina, direba ya yi kamar bai gani ba.

Wannan jinin ya isa da sanyinsa. Ɗigonsa ya kai kusa da bakin fim, na ga wuraren da raƙumi ya saɓa da doki, 'yan kaɗan ne, na rubuta su aka ba ni digiri. Tsohon Buzun ya dawo zauren da mutanensa. Yawancin sauran ba su dawo ba har Alhaji ya rasu, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba.